Waya Huɗu a Gidan Kumanda

Ranar sunan ɗiyar ɗan'uwanku Mamman ina kwance a ɗaki, ku kuna tsakar gida kuna tsammanin na yi barci, na ji Mamman yana ba abokansa labarin yadda aka taɓa aske mini kai a kaso saboda wayar baful, wato lasifika. Kuka yi ta dariya, har da ke Rakiya da nake ganin kin fi su hankali. Ban fito ba, don ba na son ɓata wa mutane shagali. Amma labarin da kuke bayarwa gutsure ne. Kun ɗauki wurin dariya kun bar sauran, kuma sauran ne ya sa har yau ƴaƴan yayata Saude in sun zo Yamai suke sauka gidan wasu. Uwarku Hajo ta koma ga Allah ba ta gaya muku ba, ita mai rufin asiri ce. Ni ban iya wannan ba, shi ya sa na zauna zan rubuta muku abin yadda ya faru.

Shekarar fari na biyu ce, wanda ya zo sojoji na riƙe da ƙasa. Ina da rumfar gyaran radiyo a unguwar Wadata, tsakanin wani tela da masu sayar da tayar amalanke. Aiki ya yi baya, don wanda bai ci ba ba ya kawo radiyo gyara. Gida kuwa ya cika ya batse. Daga garinmu Dakoro aka yi ta zuwa bisa kamiyo, manyan motocin kaya, wanda ya rasa saniya da wanda ya rasa iri, duk suna tambayar gidan Illa mai radiyo kamar ni ne gwamnati. Yaya Saude ta zo da ƴaƴanta huɗu, mijinta ya bi sauran dabbobinsu kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƴar autarta Zuwaira shekararta uku, ƙafafunta kamar karan dawa, amma bakinta bai mutu ba, kullum tana bin Hajo tana tambayar yaushe za a sauke tukunya. Hajo tana dama kunu da safe, ta yi tuwo da yamma in an samu, in ba a samu ba ta sake dama kunun ta ƙara masa ruwa. Ni da na saba cin tuwo har in bar saura, sai na koma lashe ludayi ina kallon gefe don kada yara su gani.

Wanda ya koya mini sana'a wani dattijo ne Bazabarme, Baba Hima. Shi ya riƙe ni tun na zo garin nan ban san ja da baƙi ba a waya. Hannunsa na rawa saboda tsufa, amma kunnensa bai tsufa ba, in ka kunna masa radiyo daga bakin ƙofa zai gaya maka abin da ya ƙone a ciki. Shi ke yi wa wani babban soja aiki, wanda ba zan rubuta sunansa ba, Kumanda kawai muke ce masa. Kumanda ya dawo daga Turai da kayan kallo irin waɗanda ba mu taɓa gani ba: tele babba, bidiyo, ampli mai ƙara ƙarfin sauti, da baful biyu masu tsawon yaro ɗan shekara goma. Baba Hima ya haɗa masa su tsaf. Sai wani abokin Kumanda ya zo ya leƙa bayan baful ɗin, ya ce ai an cuce shi, a Turai masu kunne waya huɗu suke ja wa kowane baful, shi an ja masa biyu. Aka kira tsoho, ya ce biyu da huɗu duk ɗaya ne. Kumanda ya ji kamar an ce masa ƙauye ya fito. Ya sa aka tsare Baba Hima kwana biyu, aka garƙame wa rumfarsa kwaɗo, sannan aka aiko soja da mota Wadata a zo da ni.

Bari in yi muku bayanin abin, don na san ku wayar hannu kawai kuka sani. Irin wannan baful yana da baki biyu a gaba, babba mai fitar da gurnani kamar ganga, da ƙarami mai fitar da siririyar murya. A bayansa akwai ƙusoshi huɗu, biyu na babban baki, biyu na ƙarami, an haɗe su da ƴan ƙarafa da muke kira gada. In ka kawo waya biyu daga ampli, ja da baƙa, gadar nan ta raba wutar kowa ya samu. In kana son huɗu, sai ka cire gadar ka ja wa kowane baki nasa. To amma daga ina huɗun suke tasowa? Daga ƙusa biyun nan dai, ja da baƙa, a bayan ampli guda. Ka ɗauke mahaɗar daga bayan baful ka mai da ita bayan ampli, shi ke nan abin da ka yi. Kamar mutum ne ya sa tiyo biyu a bakin famfo ɗaya yana jiran ruwan ya canza ɗanɗano. Da wayar farko siririya ce, ko da nisa tsakanin kayan, da sai in ce a sa mai kauri za a ji bambanci. Amma Baba Hima mai kauri ya sa, kuma tsakanin ampli da baful bai kai taku uku ba.

Na isa na tarar da Kumanda a salo, ɗakin baƙinsa, ga naɗin waya sabo fil a kan tabur. Ya nuna mini abin da yake so, na ce aiki ne mai sauƙi, kuma na yi shi nan take, don jan waya ba zunubi ba ne. Da na gama ina tattara kayana sai ya ce in tsaya.

"Illa, an ce gidanka cike yake da mutanen ƙauye."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Magazan da ake ajiye dawar taimako a hannuna yake. Buhu zai riƙa zuwa maka, babu layi, babu takarda. Ran Lahadi abokaina za su zo su ji kayan nan. Kai ne mai sana'a, kai za ka gaya musu yanzu ya fi, kuma tsohon can bai san aiki ba. Kompri?"

Na ce na ji, na fito. A hanya ina tafe ina cin raina. Dawar nan ja ce, daga ƙasashen waje aka aiko ta don irin su Yaya Saude, ba gadon uban kowa ba ce. Matan gidana sun yi kwanaki suna tsayuwa a layi daga hantsi zuwa la'asar su dawo da kwano wayam. Ga ta yanzu za a ba ni, amma sai na saye ta da sunan mutumin da ya koya mini riƙon turnabis, abin kwance ƙusa.

Da na gaya wa Hajo tana tankaɗen ɗan garin da ya rage. Ba ta ɗago ba sai da na kai aya.

"To mi za ya rage ka da shi? Ka ce ya hi. Kalma biyu ce."

"Bai fi ba, Hajo."

"Ni na tambaye ka ko ya hi? Malam, dubi rariyar ga. Abin da ka gani shi ne na yau da na gobe. Baba Hima dattijo ne, ya san yunwa, za ya yahe maka."

"In na faɗi haka gaban manya, wa zai sake kai masa ko fitila gyara?"

"In ba ka hwaɗi ba, wa za ya ba ɗiyan mutane tuwo? Baki shi ka yanka wuya, ka dai sani."

Yaya Saude tana zaune gefe tana tsefe wa Zuwaira kai, duk ta ji. Na so ta yi magana, ko zagi ne, ba ta yi ba. Kuma ku sani, ranar Lahadin nan na fita gida da niyyar bin maganar uwarku. Na yi ta maimaita kalmomin a baki tun daga Wadata har ƙofar gidan Kumanda, ina cewa Allah Ya san zuciyata.

Bayan la'asar ne. Salo ya cika da manya, masu kaki da masu manyan riguna, iska mai sanyi na busowa daga na'ura, ga nama gasasshe a faranti wanda ƙamshinsa ya sa cikina ya yi ƙugi har na ji kunya. Aka tsai da ni jikin bango kamar sanda. Kumanda ya sa kaset ɗin wani fim, ya kai shi daidai wurin da ya zaɓa don gwaji. Wurin ruwan sama ne. Hadari ya haɗu, tsawa ta faɗi har gilashin taga yana rawa, sai ruwa ya kece bisa rufin kwano. Ya zaɓe shi ne don tsawar tana gwada babban baki, yayyafin yana gwada ƙarami. Na tsaya ina jin ƙarar ruwan da muka yi damina guda muna roƙo a filin idi bai zo ba, ga shi yana zuba cikin akwati, mutane na tauna nama suna gyaɗa kai. Wani ya ce kai, yanzu har ɗigon ruwan ɗaiɗai ake ji. Wani ya ce tsawar ta fi zurfi nesa ba kusa ba, alhali na san bai taɓa jin kayan da waya biyu ba. A nan raina ya ɓaci, irin ɓacin da ba na iya shanyewa tun ina yaro, kalmomin da na haddace a hanya suka bi iska.

Kumanda ya rage sauti ya juyo.

"Ga mai sana'a. Illa, gaya musu."

"Ranka ya daɗe, kayanka na da kyau. Amma bai fi ba. Yadda Baba Hima ya haɗa shi da yadda na haɗa shi, sauti ɗaya ne."

Kumanda ya ƙura mini ido. Ya yi murmushi, irin wanda ba ya kai wa ido.

"Kana nufin kunnena ƙarya yake yi?"

Da na tsaya a nan, in ce Allah Ya ba ka haƙuri in fita, wataƙila da buhun kawai na rasa. Wannan na yarda da shi, kuma shi kaɗai ne abin da na yarda na yi kuskure a ranar. Amma ban tsaya ba.

"A gwada, ranka ya daɗe. Ka juya kujerarka ka ba kayan baya. Zan canza sau uku, kai ka faɗi wanne ne biyu, wanne ne huɗu."

Gaban abokansa ba zai iya ƙi ba. Ya juya kujera yana dariya, ya ce ko yana barci zai gane. Na durƙusa bayan baful, sai tunani ya zo mini cewa abu biyu ne kawai ake zaɓa, makaho ma yana iya dacewa, in ya dace kuwa ƙarya ta zama gaskiya har abada. Don haka ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Na ƙwanƙwasa turnabis jikin katako, na ja numfashi kamar mai aiki, na koma ɗaya baful ɗin na yi haka, sannan na kunna. Baƙin duk suna kallona, sun ga hannuna bai cire komai ba, kuma babu wanda ya yi ko tari. Ruwa ya zuba.

"Biyu ne wannan. Ka ji yadda ya shaƙe?"

Na sake ƙwanƙwasawa, na sake kunnawa.

"Wala! Huɗu. Ya buɗe."

Na uku ya ɗan daɗe yana saurare, ya karkata kai, sannan ya ce biyu, har ya ƙara da cewa tsawar ta mutu. Ya juyo da kujerarsa yana duban fuskokin mutane yana jiran tafi. Kowa ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Ni na ce:

"Ranka ya daɗe, huɗun nan ne tun ɗazu. Ban canza komai ba, ga shaidu."

Akwai wani likitan dabbobi cikin baƙin, mai ƙiba, yana kurɓar lemo. Ya yi iya ƙoƙarinsa, na gan shi ya toshe baki, amma dariyar ta ɓalle masa ta hanci har lemon ya biyo. Ita ce dariyar da kuke maimaitawa a tsakar gida. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na ji daɗinta, sanyinta ya ratsa ni har ƙafa. Daɗin bai wuce lokacin da sojan ƙofa ya ɗauka ya iso inda nake ba.

Kwana biyar na yi a tsare. Aski da kwalba aka yi mini, kuma ba wanda ya tambaye ni komai, don babu abin tambaya. Da na fito na tarar da kwaɗo a rumfata, an ce takarduna ba su cika ba, takardun da shekara da shekaru ba a taɓa neman su ba. Maƙwabcina tela da muke shan shayi tare ya koma gaishe ni daga nesa. Na tafi unguwar Lamorde wurin Baba Hima, na ƙetare gada da ƙafa, ina tsammanin ko shi zai sa mini albarka. Na same shi a gindin bango yana gyara wa wata mata tocila. Ya dubi kaina ya girgiza nasa.

"Wa ya aike ka, Illa?"

"Baba, so aka yi in ce ba ka san aiki ba."

"To sai me? Ni na tsufa, sunana ya gama cin abincinsa. Kai kana da yara. Da ka ce ya fi, ka ɗauki buhu, ka kawo mini tiya ɗaya. Kala suru, sai haƙuri."

Na dawo da zafi biyu. Har yau ina ganin tsohon nan bai yi mini adalci ba, Allah Ya jiƙansa, don shi ne ya fara cewa biyu da huɗu ɗaya ne, kuma shi ma bai janye ba sai da aka rufe shi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Na riƙa yawo gida gida da turnabis a aljihu ina neman radiyon da ya lalace. Hajo ta sayar da gadonta na aure da kwanoninta, ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ta yi wata biyu ba ta haɗa ido da ni. Kunu ya koma sau ɗaya a yini. Wata safiya na fito alwala na tarar Yaya Saude ta ɗaure kayanta, Zuwaira na goye. Akwai sansani a bayan gari inda ake dafa wa waɗanda fari ya koro abinci, can ta nufa.

"Yaya, ki yi haƙuri ki zauna. Abin da munka samu mu raba."

"Babu abin rabawa, Illa. Ka riƙe naka ɗiyan."

Na bi ta har bakin hanya ina roƙo, ba ta waiwayo ba. A sansanin nan mutane sun yi yawa, ƙyanda ta shiga cikin yara kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Manyan ƴaƴanta uku suka yi suka tashi. Zuwaira ba ta da jikin da za ta yi faɗa da ciwo, kwana shida ta yi. Ni na ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, ba ta kai nauyin radiyon da nake gyarawa ba. Da damina ta faɗi aka mai da mutane garuruwansu, Yaya Saude ta hau kamiyo ba ta biyo ta gidana ba.

Na san abin da za ku ce, don na faɗa wa kaina shi fiye da yadda za ku iya. Da buhun nan ya shigo gidana, da Yaya ba ta tafi sansani ba. Ajali na Allah ne, amma ba zan ɓuya bayan wannan ba, bakina yana cikin abin. Sai dai ku ma ku ji nawa. Ba ni na kulle dawar mayunwata a magaza ina raba ta ga wanda ya yabi kayan kallona ba. Ba ni na rufe tsoho don ya faɗi abin da ya sani ba. A shekarun nan kowa ya koyi gyaɗa kai, in babba ya ce rana ta faɗi da hantsi sai a kunna fitila. Ni abu guda na iya a duniya, in saurari sauti in faɗi abin da na ji, da shi na ciyar da ku, da shi na kai ku lakwal kuka yi karatu. An buɗe mini rumfa bayan an canza wa Kumanda wurin aiki, na yi shekara talatin a cikinta, kuma duk wanda ya zo da kuɗinsa yana son in ja masa waya huɗu na ja masa, amma sai na gaya masa ba za ta ƙara masa komai ba. Wasu sun yi fushi sun tafi wurin wani, Allah Ya raka taki gona.

Shekara goma sha ɗaya Yaya Saude ba ta yi mini magana ba. In na aika saƙo a karɓa, ba a amsawa. Sai da aka ce ciwo ya kwantar da ita na hau mota na tafi Dakoro ba tare da an kira ni ba. Na same ta a ɗaki bisa tabarma, ta rame, idonta dai na nan yadda na san shi. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na zauna bakin ƙofa na rasa ta inda zan fara, na shirya kalmomin neman gafara tun daga tasha. Ita ta riga ni.

"Illa."

"Na'am, Yaya."

"Zancen wayar nan. Har yanzu kana bisa bakanka?"

Na dube ta. Na ga mace ce a bakin kabari, ɗiyarta na ƙarƙashin ƙasa a garin da ba nata ba, kuma na san amsar da kowane mai hankali zai ba ta. Na buɗe baki in ba ta ita, ta ƙi fitowa.

"Ina bisa bakana, Yaya. Bai fi ba."

Ta daɗe tana kallon azarar ɗaki. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne, ba ta share ba.

"Gara haka," in ji ta. "Da ka ce mini ka canza, da Zuwaira ta tahi a banza. Matso ka ba ni ruwa."

Na matsa, na tallafi kanta, ta sha.